Shaidar Ko-ta-kwana a Gidan Wanki

Ranar da bututun ruwa ya fashe a shagon Mai Aski, Anti tana tsaye a ƙofar gidan wankinta tana kallo. Ruwa na tsartuwa daga bango, manyan mutane wajen takwas suna ta kai da kawo, wani da bokiti, wani da tsumma, wani kuma rabin kansa a aske rabi da gashi. Babu ko ɗaya da ya san inda ake rufe ruwan. Sai da ya kai idon sawu aka gano makullin a bayan wani mataccen firiji.

Kowa a layin ya sha dariya, har da Anti. Amma tana komawa ciki ta daina dariyar.

Gidan wankin gadon mahaifinta ne. Injin wanki uku, injin busar da kaya biyu masu aiki da gas, kanta a gaba, sai ɗakin guga a can ƙurya, bayan banɗaki da ɗakin ajiya. Ma'aikata biyar gare ta. Akwai Rediyo mai karɓar kaya a kanta, wadda bakinta ba ya hutawa daga buɗe shago zuwa rufewa. Akwai Direba mai kai kaya gidaje. Akwai mata biyu masu kula da injuna, ana ce musu Tagwaye ko da yake ba su haɗa ko dangi ba, don dai ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Sai Baba Mai Guga, wanda ya fara aiki a wurin tun Anti tana rarrafe a ƙarƙashin teburinsa.

Ta tafa hannu ta ce, "Ku ɗan saurare ni. In wuta ta tashi yanzun nan, ina babban makunnin lantarkinmu yake?"

Hannu huɗu suka tashi, kowanne ya nuna nasa gefen. Direba ma sama ya nuna.

Ta leƙa ɗakin guga. "Baba, kai fa?"

Baba ya ɗago ya yi mata murmushi. "To, madalla," ya ce, ya ci gaba da gugarsa. Haka yake amsa kusan komai a 'yan shekarun nan, kowa ya ɗauka haƙurin tsufa ne.

A makon nan Anti ta je ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa, don ta taɓa jin suna ba da takardar shaidar shirin ko-ta-kwana ga duk shagon da ya nema. Ba doka ba ce, ba a tilasta wa kowa. Za a ba ka ɗan littafin ƙa'idoji, ka shirya, in ka ga ka kimtsa ka kira su su turo mai tantancewa. Ta cike takarda ta dawo gida da littafin a jaka.

Maigidanta malamin makaranta ne. Ya juya littafin gaba da baya, ya cire tabarau ya dube ta.

"Shekara ashirin ina koyarwa," ya ce, "ban taɓa ganin ɗalibin da ya tako da ƙafarsa ya ce a yi masa jarrabawa ba. Wa ya aike ki?"

"Malam, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

"Ke da ba ki da gemu?"

"Ina da tukunyar gas biyu da kayan mutane cike da ɗaki. Sun fi gemu saurin kamawa."

Ya yi dariya ya mayar da tabarau. Kafin a kawo abinci ya riga ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk abin da ya ga ya kamata ta fara da shi.

Abu na farko shi ne ƙofar baya. Littafin ya ce dole a sami hanyar fita biyu a buɗe. Gidan wankin yana da ƙofar baya, amma rabon da a gan ta har an manta, saboda tulin kayan da masu su suka kawo wanki ba su dawo ba. Kwana uku Rediyo tana bin lambobin da ke jikin tsofaffin rasit. Wani ya ce wandon ai yanzu ko ƙafarsa ɗaya ba zai ɗauka ba, ta ba mabuƙaci. Wata ta ce shekara huɗu tana zargin ƙanwarta da labulen nan, bari ta zo ta karɓa ta biya ta nemi gafara. Da tulin ya ƙare aka ga ƙofar, amma tsatsa ta cinye sakatar. Sai da Direba ya zuba mata mai ya sa kafaɗa sau uku kafin ta buɗe da wani irin kuka.

Aka sayo tukwanen kashe gobara uku da akwatin agajin farko. Wani jami'in kashe gobara mai ritaya ya zo ya koya musu. Direba ya ce shi ba sai an koya masa ba, akwai ƙarama a motarsa. Ya zare fil ya matsa, bakin tiyo na kallon ƙirjinsa. Da hayaƙin ya lafa sai ga shi fari fat kamar ya faɗa buhun fulawa, idanu kawai ke motsi.

"Alhamdu lillahi, Direba ba zai kama da wuta ba yau," in ji Rediyo. Tagwaye suka riƙe juna don kada su faɗi.

Aka kafa ƙararrawa a bango kusa da kanta. Aka liƙa zanen hanyoyin fita a kowane ɗaki, aka shafa wa babban makunni jan fenti. Kowace yamma Rediyo tana ɗaukar hoton littafin masu kaya ta tura wayar Anti, don ko littafin ya salwanta a san rigar wane ce wannan. Aka raba aiki: Rediyo ta kira 'yan kwana-kwana, Direba ya rufe gas daga waje, Tagwaye su kashe injuna su fitar da masu kawo wanki, Baba ya zare dutsen gugarsa ya fita, Anti ta ƙirga kowa a gindin fitilar titi da ke tsallaken hanya. Anti ta rubuta duk wannan da manyan baƙi ta manna a ƙofar ɗakin guga, har da lokacin gwaji: kowace Talata, ƙarfe goma na safe.

Talatar farko minti biyar suka yi kafin su fita, don ɗaya daga cikin Tagwaye ta koma ɗauko takalminta. Ta biyu minti uku. Ta huɗu ƙasa da minti biyu. Kuma duk Talata Baba Mai Guga ne na farko a gindin fitila, hannu a baya, hula a daidaice.

"Ku dubi Baba ku ji kunya," Anti takan ce. "Shekara sittin da takwas, amma ya riga ku duka."

Baba ya yi murmushi. "To, madalla."

Bayan wata biyu Anti ta kira ofishin ta ce sun shirya. Aka ba ta Alhamis.

Mai Tantancewa 'yar ƙaramar mace ce mai takalmi maras tsini, da allon rubutu a hannu da agogo rataye a wuya. Rediyo ta tare ta da lemo mai sanyi da labarin yadda aka gano ƙofar baya. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Na gode, 'yar'uwa. Ajiye mini lemon sai na gama."

Ta duba kwanan watan da ke jikin tukwanen kashe gobara. Ta buɗe akwatin agaji ta duba kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Ta zaro ragar injin busarwa ta shafa da yatsa ta ga ko audugar kaya ta taru. Ta buɗe ƙofar baya ta rufe sau biyu. Ta tambayi Direba inda makunni yake, ya nuna da hannu biyu. Anti tana biye da ita, tana jin zuciyarta tana sanyi da kowace alamar da biro ya yi.

Wajen sha biyu saura Mai Tantancewa ta ce bari ta koma mota ta ɗauko wata takarda. Tana wucewa ta gaban kanta ta miƙa yatsa ta danna ƙararrawa.

Rediyo ta yi tsalle ta ce, "Wayyo!" amma hannunta ya riga ya kai kan waya. Injuna suka yi shiru. Direba ya zagaya ya rufe gas. Kafin ka ce kwabo an tsallaka titi, Mai Aski da masu jiran aski sun fito kallo. Anti ta ɗaga yatsa ta ƙirga kawuna, ta haɗa da nata.

"Shida cif!" ta ce.

Mai Tantancewa ta dubi agogonta. "Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in."

Tagwaye suka rangaɗa guɗa. Direba ya ɗaga hannu yana gaida 'yan kallo kamar wanda ya ci gasa.

"Madalla," in ji matar. "Yanzu ki kira mini su ɗaya-ɗaya, kowa ya amsa."

Anti ta fara kira. Rediyo ta amsa, Direba ya amsa, Tagwaye suka amsa tare. Ta juya ga na shida, sai ta ga wani mutum mai tumbi rungume da kwat a cikin leda.

"Ni kwat ɗina na zo karɓa, Hajiya," ya ce. "Na ga ana gudu na bi."

Anti ba ta san lokacin da ta tsallake titin ba. Ƙararrawa na nan tana ƙara kamar za ta tsaga bango. Ta wuce kanta, ta wuce injuna, ta wuce banɗaki, sauran suna biye da ita. A ɗakin guga Baba yana tsaye ya ba ƙofa baya, yana bin wuyan wata farar riga da dutse a hankali, yana 'yar waƙarsa ta hanci.

Ta dafa kafaɗarsa. Ya juyo ya ga mutum shida a bakin ƙofa suna haki. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya dawo da ido kan takardar da ke manne a ƙofa.

"Ai yau ba Talata ba ce," ya ce.

Wani ya je ya kashe ƙararrawar. Baba ya bi fuskokinsu da kallo, ya ga allon rubutu a hannun baƙuwa, ya gane. Ya ajiye dutsen a kan ƙarfensa, ya zare wayar dutsen daga bango.

Mai Tantancewa ta ja Anti gefe. "Yau ba zan sa hannu ba, kin sani. Amma kada a ɗora wa dattijon nan. Ƙararrawarku ta kunne ce kawai, ga kuma ke kina ƙirga kawuna maimakon mutane. Ku gyara waɗannan biyun. Zan dawo cikin wata guda, ba zan faɗi rana ba." A hanyar fita ta tsaya a kanta ta shanye lemonta.

Washegari Baba bai zo aiki ba. Shekara talatin da wani abu, ban da ranar da aka yi masa rasuwa, ba a taɓa buɗe shagon ba ya nan. Da rana ta yi sanyi Anti ta bar wa Rediyo shago ta nufi gidansa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ta buɗe ƙofa. "Shigo, 'yata. Ga shi can yana gyaran kujerar da ba ta karye ba."

Baba yana zaune a baranda da guduma a hannu. Anti ta durƙusa ta gaishe shi, ta jawo ƙaramar kujera ta zauna daidai gabansa, inda zai ga bakinta.

"Baba, tun yaushe?"

Ya daɗe yana juya gudumar. "Shekara biyu ke nan. Kunnen hagu ne ya fara tafiya, na dama ya ce ba za a bar shi a baya ba. In ina kallon bakin mutum nakan tsinci rabi. Sauran rabin in ce to madalla."

"Ni na gaya masa tun bara," Inna ta ce daga bakin ƙofar kicin. "Sai ya ce wai ni ce na koma magana ƙasa-ƙasa. Ni! Da maƙwabta ke aiko yara su ce in rage murya."

Anti ta danne dariya. "Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba?"

"In gaya miki ki ce in je in huta? Ɗiyata, in na zauna a gidan nan wata guda, ni da Innarki sai an raba mu da sanda. Kuma ga shi na ɓata miki takardar da kika sha wahala a kanta."

"Wa ya koya mini ninke riga?"

"Ni."

"Da kunne ka koya mini?"

Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Ni na ƙirga baƙo na ce kai ne," ta ce. "Mutumin da tumbinsa ya yi ukunka. In akwai mai jin kunya ni ce. Gobe akwai zannuwan gado arba'in na masaukin baƙi, Tagwaye sun ce su za su goge. Ka san abin da hakan ke nufi."

Baba ya ajiye guduma da sauri. "Kada ki bari su taɓa mini dutse."

Da safe ya riga kowa zuwa. Rediyo ta shigo ta same shi, ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu.

"Baba, tsakaninka da Allah! Shekara biyu ina zuwa nan ina ba ka labarin surukata, kana cewa to madalla. Ni ina ta faɗa a gida cewa duk duniya kai kaɗai ke saurarena!"

"Ban ji ba, 'yar nan," in ji Baba, "amma na san ke ce da gaskiya."

Dariyar da aka yi har Mai Aski sai da ya leƙo.

A makon aka kira mai gyaran lantarki ya haɗa jar fitila da ƙararrawar, ɗaya a ɗakin guga, ɗaya a wajen injuna, don da aka bincika ashe Tagwaye ma ba sa ji sosai in injuna uku na juyawa. Aka juya teburin Baba ya fuskanci ƙofa. Ranar da aka gwada, ɗakin ya yi ja yana walƙiya, Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Gani ya kori ji." Anti ta cire takardar Talata ta yaga, ta koma danna ƙararrawa duk lokacin da ta ga dama. Ta rubuta sunayen ma'aikata a ɗan kati ta rataya a wuya tare da makullan shago. Ta kuma karɓo wa Baba ranar ganin likitan kunne, Inna ta ce ita za ta raka shi da kanta don kada ya tsaya a hanya.

Baba ne ya kawo shawara ta ƙarshe. Tunda hanyarsa ta fita ta ƙofar baya tana bi ta gaban ɗakin ajiya da banɗaki, a bar masa ya riƙa leƙa su in zai wuce. Aka rubuta masa wannan a cikin tsarin.

Mai Tantancewa ta dawo wata Asabar da hantsi, lokacin da kanta ta cika da mutane. Ko gaisawa ba su gama ba ta danna ƙararrawa.

Wannan karon babu wayyo. Tagwaye suka tasa masu kawo wanki a gaba suka tsallakar da su, har da wata tsohuwa da ta ƙi sakin bargonta. A gindin fitila Anti ta ɗaga katinta ta fara kira. Rediyo, na'am. Direba, na'am. Tagwaye, na'am, na'am.

"Baba Mai Guga!"

Babu shi. Ta waiga hagu, ta waiga dama. Ta sake kiran sunan. Agogon Mai Tantancewa ya wuce minti biyu.

Sai ga Baba ya ɓullo ta lungun ƙofar baya, riƙe da wuyan hannun wani dogon mutum mai taye, yana jansa kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. Ɗazu ne mutumin ya kawo riga biyu wanki, ya nemi a nuna masa banɗaki.

"Na buga ƙofa ba a buɗe ba," Baba ya ce wa Anti yana haki. "Na duƙa na ga takalma ta ƙarƙashi. Na ce bawan Allah, ko ka fito ko in shigo."

"An ce in zauna shiru kada in amsa," in ji mutumin yana murza hannunsa. Ya dubi Mai Tantancewa. "Ba ki gaya mini dattijon yana da ƙarfi haka ba."

"Abokin aikina ne," matar ta ce, karo na farko da aka ga haƙoranta. "A shago tara na ɓoye shi, sau biyu kawai aka taɓa fito da shi. Minti biyu da daƙiƙa ashirin." Ta ɗora allon a kan gwiwa ta sa hannu a nan bakin titi.

Tsohuwa mai bargo ba ta san abin da ake ciki ba, amma da ta ga ana guɗa ita ma ta taya.

Takardar ta iso bayan kwana goma, da hatimi mai ruwan zinariya, an rubuta a ƙasa cewa ta shekara ɗaya ce, sai a sake gwaji. Aka rasa inda za a sa ta, don tururin shagon ba ya barin takarda ta kwana biyu ba ta nannaɗe ba, mai yin firam kuma ya ce sai mako mai zuwa. Ɗaya daga cikin Tagwaye ta ɗauko ledar rufe kaya ta zura takardar a ciki, ɗayar ta maƙala mata hanga, suka rataye ta a bayan kanta tsakanin wata kwat da doguwar riga.

Da la'asar wani mutum ya zo karɓar kayansa. Ya daɗe yana kallon jerin, sannan ya matso kusa da Rediyo ya rage murya.

"Don Allah, ashe har takardu kuke wankewa? Akwai wata tawa da shayi ya zube a kai."

Rediyo ta ja numfashi ta gyara tsayuwa. "Zauna, Alhaji," ta ce. "Bari in faro maka daga ranar da bututu ya fashe."